Burodi Ya Rame

Ƙarfe uku na dare nake hura tanda a Kakuri,
bayan katangar masaƙar da ta sallame mu tuntuni.
Shekara sha tara na yi ina ɗaura zare a cikinta,
yau ƙulli nake murzawa, ina lissafin alkama.

Jiya Cindo ya sauke min fulawa buhu shida.
Bai ce uffan ba, ya miƙo takarda yana duban ƙasa.
Na karanta, na ɗauko tabarau na sake karantawa,
na ce, "Kai, ko biron naka ne ya zame?"
Ya ce, "Baba, dubu huɗu ta ƙaru tun Laraba.
Wai jirgin ruwa ya makara, dala kuma ta yi sama."

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani shi ne na ƙarƙashin gada,
wanda kan cika a Agusta ya shiga gonakin bakin kogi.
Amma in fari ya faɗa wa wata ƙasa mai ƙanƙara
wadda ko sunanta harshena ba ya iya juyawa,
a kwanon kwaɓina nake fara ganin alama.

Rediyo ya ce bana can gabas yabanya ta yi kyau,
can yamma zafi ya ƙone zangarniya tun ba ta nuna ba.
Wani masani ya ce farashi zai sauka bayan girbi,
wani ya ce a'a.
Na rage murya, na bar su da gardama.

Ƙanena Mantau ya bugo daga Saminaka.
Masara ta yi, har ya rasa inda zai zuba ta,
sai dai buhu ya faɗi warwas a kasuwa,
bashin taki kuwa yana nan tsaye da ƙafarsa.
Shi yana kukan araha, ni ina kukan tsada,
ciki ɗaya muka fito, ga shi hatsi ya raba mana kuka.
Ya ce, "Yaya, baɗi anya zan koma noma?"

An ce mu jira ta rani, ta Kadawa da Haɗeja,
in sanyi ya kama sosai za ta yi ƙwaya.
Na jira bara.
Tun tana kore masu manyan motoci suka kama.

To, ga abin da ban faɗa wa kowa ba:
kowane curi sai na tsakure masa kamar ɓarin goro
kafin in jefa shi a gwangwani.
Leda ɗaya, suna ɗaya, kuɗi ɗaya.
Na ce wa zai lura? Ai yis zai cike gurbin da iska.
Sai Talle mai shayi, na bakin tasha,
ya ɗaga ɗaya a tafin hannu, ya jinjina,
ya ce, "Baba, burodin nan zazzaɓi ya yi ne?"
Muka yi dariya.
Tawa ba ta wuce haƙori ba, gumi ya gama.

Kande, 'yata mai riƙe min littafi,
ta ce a gwada surka garin masarar kawunta.
Mun gwada. Ya fito da nauyi, yana marmashewa,
rawaya-rawaya kamar bai yafe mana ba.
Ta ci, ta ce da miyar kuka zai fi dacewa.
Duk da haka na ce Mantau ya aiko buhu biyu,
ko ba komai kuɗin ya kwana a gida, mu ga dama.

Abin da na tsakura daren jiya na tara a faranti,
ya tashi curi goma sha ɗaya.
Na gasa su daban, na rasa wanda zan sayar wa.
Ga su can kan benci suna hucewa,
an kira assalatu, ni ban taɓa ba,
Kande ma.