Gurasar Varduhi

A Gyumri, tun zakara bai yi cara ba,
Varduhi ta durƙusa a bakin tanderu.
Dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa,
gwiwarta na kuka kamar tsohon ƙyaure.

A da, sai ran Lahadi take neman Ubangiji,
da kyandir biyu da wankakken kallabi,
ta bar Shi a coci, ta dawo gida.

Yanzu kowace gurasa da sunanta.
Ta manna ɗaya: Gegham, ɗanta mai birkila a Rasha.
Ta biyu, mijinta da ke kwance.
Ta uku kuwa,
hannunta ya tsaya.
Shushanik ce, maƙwabciya,
shekara huɗu ba ko sannu
a kan taku uku na gonar dankali.

Ta ce, "Yesu, raina bai so ba.
Kai ma Ka san ita ce da laifi."
Wuta ba ta tanka ba.
Gurasar ta kumbura, gefe ɗaya ya ƙone.

Ta naɗe ta da zafinta cikin tsumma,
ta keta ƙanƙara har ƙwauri.
Tana ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa,
ta ji ba ita kaɗai ce tsaye ba.