Mai Ƙanƙara a Aboabo

Shekara goma sha tara ina sayar da ƙanƙara a Aboabo,
bayan tashar trotro, jikin shagon mai gyaran fanka.
Ba wanda zai koya mini sanyi.
Yatsuna sun san shi tun ba su san zobe ba.

Jiya da la'asar Mutaru ya aiko murya ta waya,
numfashi ya fi magana yawa:
"Mma, mun iso gindin dutsen.
Italiya na bayanmu, Faransa na can ƙetare.
Kwana uku dusar ƙanƙara ke zuba."

Dusa na sani, ita nake ba tunkiya.
Ƙanƙara na sani, ita ta biya kuɗin makarantarka.
Ban taɓa jin sun haɗa baki ba
har su tare wa ɗana hanya.

Ya ce wata dattijuwa a ƙauyen ta ba su safa da shayi,
ta riƙe hannun rigarsa, ta ce kada su hau.
Wai tsohuwar zuba tana ƙasa, ta daskare, ta yi santsi,
sabuwa ta kwanta a kanta ko gaisawa ba su yi ba,
iska kuma ta kwaso wata ta jibge a kafaɗar dutsen.
Wai taku ɗaya ya isa,
gangaren duka ya taso kamar an fizge tabarma.
Ya faɗa yana dariya.
Na san dariyar nan. Ta ubansa ce.

Mutaru, saurara.
Ban yi boko ba, amma wannan na gane shi.
Ka tuna ran da Dantani ya jera buhunan shinkafa a Kejetia
bisa ledar da ruwa ya jiƙa?
Sama tsaf, ido ya ƙoshi.
Jingina kawai ya yi, zai sha koko.
Har yau da sanda yake zuwa masallaci.

Ƙanƙara ba ta narkewa ta inda kake kallo.
Daren da aka ɗauke wuta, na buɗe firji da asuba,
kowane dunƙule fari tas, a tsaye kamar mai lafiya.
Na ɗaga ɗaya, ya fashe a hannuna.
Cikin duk ruwa ne.

Azara ta duba a waya, ta karanta mini a hankali.
Wai haɗarin hawa biyar ne,
yau dutsenku yana kan na huɗu.
In ƙasa ta yi nishi a ƙarƙashin takalminka, koma.
In tsaga ta riga ka gudu, koma.
Kada ku yi cincirindo kamar masu rububin mota,
ɗaya ya ƙetare, saura su zuba masa ido.
Wai wanda ta rufe, kwata ɗin awa gare shi.
Na ce, ya isa, Azara. Je ki duba tukunya.

Kwata ɗin awa.
Ko wake bai fara laushi ba.

Bashin Alhaji Mumuni ba zai ci mu yau ba.
Sidi dubu tara ne, ba rai ba ne.
Dutse bai da ƙafa, yana nan har bazara.
Zauna wajen dattijuwar, wanke mata kofi, faskara mata ice.
Jinkiri ba ya binne mutum.

Na aika tun magariba.
Alama ɗaya ce har yanzu a jikin saƙon.

Kumasi na zufa.
Mai sobolo ta zo, ta ce in ba ta dunƙule biyu.
Na ba ta ɗaya.
Ɗayan na kara a kunne,
ina jin yadda yake tsagewa can ciki,
a hankali, ba ya shawara da kowa.