Abin da Silin Ya Faɗa

Ni mai fenti ne a Kuldiga,
shekara talatin da ɗaya ina kan tsani,
wuyana ya saba da kallon sama.
Mutane bango suke nuna mini,
ni kuwa silin nake karantawa.

A nan, in sanyi ya kankama,
rana ba ta jiran la'asar ta yi sakaliya.
Kogin Venta ya yi tsit a ƙarƙashin ƙanƙara,
kowace taga ta kunna ɗan harshen wuta
kada duhu ya haɗiye mu da rai.
Ba mai zargin kyandir.
Wa zai zargi mai ɗebe masa kewa?

Wata Talata na je gidan Skaidrite,
tsohuwar malamar lissafi, ita da kyanwarta.
Na ɗaga kai: da'ira bakwai, baƙi ƙirin,
kamar an kifa tukwane a sama an kwashe.
Na shafa yatsa, ya dawo da maiƙo.
Ta ce, "Modris, ni fa ba na shan taba."
Na ce, "Na sani, Malama. Su ne ke sha."
Ga su nan jere a kan kabad,
ja da shuɗi, masu ƙamshin lemo da kirfa,
jikinsu daga ragowar ɗanyen mai,
turarensu ba a san uwarsa ba balle ubansa.

Ta buɗe akwatin da ta gada,
wasu ne, tun na zamanin mahaifiyarta,
lagwaninsu tsaye ƙyam kamar soja.
Na warware zaren, sai ga siririyar waya.
Na goga a takarda,
ta bar layi kamar fensir.
Dalma.
Ta daɗe tana duban layin nan
kamar amsar da ɗalibi ya kuskure.

Na gama aiki, na karɓi kuɗina,
na koma gida ina jin kaina masani.
Cikin dare Austra, jikata, ta fara tari,
ƙirjinta na ƙara kamar ƙofa mai tsatsa.
Na shiga ɗakinta da ruwa a kofi,
sai wuyana ya yi abin da ya saba.
Da'ira ɗaya.
Daidai saman gadonta.
Ni na sayo shi, mai ƙamshin alewa,
uku a kuɗin ɗaya.
Laifi tudu ne, na taka nawa tun kaka ban sani ba.

Likita ba ta ɗora wa kyandir duka ba,
ta lissafo murhu, da ƙura, da gado.
Ni dai abu guda na tafi da shi:
silin ana sake masa fenti,
huhun yarinya babu tsanin da ke kaiwa.

Laimonis, mai amya goma sha biyu a bakin daji,
ya miƙo mini nasa, rawaya, mai nauyi,
kakin zuma da zaren auduga, shi ke nan.
Na ji kuɗin, na yi tsaki.
Ya ce, "Ƙudajen sun yi bazara guda a kansa.
Kuma kada ka ɗauka waliyyi ne:
bar lagwaninsa ya yi tsawo, ka ga hayaƙi.
Na manja da na soya da ake yayi,
tambayi dajin da aka sare aka shuka su."

Yanzu uku muke da su, ba ashirin ba.
Almakashi na kusa da ashana.
In mun kashe, sai in buɗe taga,
sanyi ya faɗo kamar mai bin bashi,
Austra ta ja bargo tana mita,
ɗakin na ƙamshin zuma a tsakiyar Janairu.

Tarin bai tafi duka ba.
Amma jiya na hau tsani, ba aiki ba, dubawa kawai,
na shafa yatsa,
ya dawo yadda ya tafi.