Tawada Ɗaya

A wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Zagreb,
inda bututun ruwan zafi ke tari duk dare,
Dubravka ta yi hunturu biyu tana zana mutum ɗaya:
tsoho a tashar jirgin titi, jarida a hammata.
Jirgi ya zo, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce,
tsohon bai shiga ba.
Iyakar labarin ke nan. Minti shida.
Takarda dubu huɗu da 'yan kai.

Kuɗinta bai kai na launuka ba,
sai ta sayi shuɗi, kwalba guda,
ta rina sama da shi, ta rina titi,
ta rina hular tsohon da tantabarun gindin ƙafarsa,
har tururin da ke fita bakinsa.

Daren farko, kujera talatin da ɗaya.
Majigi ya kama, shuɗi ya malalo daga bango,
ya hau fuskoki kamar ruwa ya ci gari.
Ba wanda ya motsa.
Wata mata ta ja mayafi ta rufe wuya
alhali ɗakin da ɗumi.
Da aka kunna fitila ta ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Wannan bawan Allah ba jirgi yake jira ba."

Maganar ta tsaya wa Dubravka a maƙogwaro.
Ita ba makoki ta zana ba.
Ta ranto rawaya wurin Zvonimir mai fentin allunan shaguna,
ta sake wanke komai da ita,
ko layi ɗaya ba ta taɓa ba.
Sai ga yara na dariya tun jirgi bai iso ba:
tsoho ya samu hantsi, ya ƙi tashi!
Wani ya rantse yana jin ƙamshin burodi.
Ƙamshi fa, daga bango.

Tuwon dai ɗaya ne, miya aka sauya.

Ja kuwa sau ɗaya ta gwada shi.
A minti na uku wani dattijo ya miƙe
yana laluben ƙofa, yana cewa
ya san irin wannan safiya,
ya san jiniyar da ke biyo bayanta.
Fim ɗin ba shi da sauti.

Ran Lahadi ta kawo tsohon da kansa,
mahaifinta Ljudevit, wanda yana ta rufe wa ido guda.
Ya zauna a gaba, hula a gwiwa,
ya kalli kansa har sau uku.
"Kin kamo tsayuwata," ya ce. "Kin kamo hular.
Amma safiyar nan ba haka take ba.
Mahaifiyarki nake jira ta sauko daga lamba goma sha huɗu
cikin koriyar rigar sanyinta,
mai maɓalli ɗaya da bai yi kama da sauran ba.
Wata uku da binne ta, na sani sarai,
ƙafafuna ne ba su samu labari ba.
Duk abin da na duba ran nan kore ne,
har dusar ƙanƙara."

Ta raka shi gida, ta dawo ƙafa.
Aljihu wayam, shaguna a rufe.
A kan tebur, guntun shuɗi a gindin kwalba,
guntun rawaya a gwangwanin Zvonimir.
Ta daɗe tana kallon su.
Sannan ta juye wannan cikin wancan,
ta toshe baki da babban yatsa, ta girgiza.

Ba ta san abin da kore zai yi wa baƙi ba,
ko su yi kuka, ko su ji barci,
ko su tuna ciyawar wani kabari da ba nata ba.
Jirgin ƙarshe ya wuce ta sama,
gilashin taga ya yi rawa.
Ta ɗauko takarda ta farko,
ta fara daga ƙofar jirgin.