Ɗari Biyu da Hamsin da Bakwai

A Oulu har ƙarfe tara gari bai waye ba,
kogi ya daskare tun daga gada har bakin teku.
Ni ina can ƙasa, a rumbun tarihin gari,
inda na'urori ke huci kamar shanu a garke,
ina neman muryar wani masunci.

Eino Karppinen. An naɗe shi a kaset tun ban zo duniya ba,
yana ba da labarin ranar da ƙanƙara
ta tsage a ƙarƙashin dokinsa.
Jikarsa Sirkka ta aiko da layi ɗaya:
ina so in ji kakana.

Na buɗe kwafin ajiya. Ga sunan fayil, lafiya lau.
Na danna.
Babu tsoho, babu doki,
sai rasiɗin kuɗin gyaran famfo.

Kowane fayil yana da suna, don mu,
yana da lamba, don na'ura. Inod ake ce mata.
Suna riga ne, jiki ɗaya kan sa biyu,
lamba kuwa an ɗauka ita ce jikin.
Manhajar da ke kwasar kaya cikin dare
ta ga ɗari biyu da hamsin da bakwai a wannan sashe,
ta sake ganinta a wancan,
ta ce, ai na ɗauki wannan ɗazu, wa zai yi dako sau biyu?
Ta rungumi rasiɗi, ta bar tsoho a kan ƙanƙara.

Kama da wane ba ta wane.

Rauno ya sauko, gemunsa na ɗigar raɓa,
ya ajiye kofi, ya ce, lamba ba ta yi miki alkawari ba.
Kowane titi yana da gida mai lamba bakwai.
Ɗan aiken da bai tambayi titi ba,
shi ya ɓatar da wasiƙa.

Na ce, ya tambaya, Rauno.
Amma ta igiyar da ke haɗa mu da rumbun nesa
duk titunan suna ɗaya suka amsa.

Ya ce, to, a ba kowa tasa har abada?
Lamba ma hatsi ce, buhunta yana da gindi.
Fayil ya mutu da safe,
kafin la'asar an raɗa wa jariri lambarsa,
yadda ake mayar da sunan kaka ga jika,
kuma ba wanda ya taɓa kai wa jariri bashin mamaci.

Na ce, mutane ke nan. Na'ura tana kaiwa.

Shiru. Fanka tana juyi.
Ban ce ya yi kuskure ba, bai ce na yi ba.
Gaskiyarsa tana ga mai gina rumbu,
tawa tana ga mai zuwa neman abu a ciki.

Tsohon faifai yana nan, Allah ya sa ba mu goge ba.
Na bi sashe sashe, na ƙi yarda da lamba,
na auna nauyi, na leƙa ciki,
har na tarar da takwarorin biyu,
kowa a ɗakinsa, ba wanda ya san da wani.

Na sa abin ji a kunne.
Tari tukuna, sai kujera ta yi ƙara,
sai Eino, a hankali, kamar mai taka kogi:
ƙanƙarar jiya da ta yau fuskarsu ɗaya,
ba a gane su da ido, yarinya,
sai an ƙwanƙwasa.

Na tura wa Sirkka.
Na koya wa manhaja ƙwanƙwasa kafin ta taka,
ko da aikin dare zai kai asuba.
Rauno ya ce zai yi nauyi. Na ce, ya yi.

Da na hau sama, ƙarfe biyu da rabi,
rana har ta fara naɗe tabarma.