Auna Baki

Tanimu ya yanka min gilashi a Tudun Wada,
kamu biyu tsawonsa, ya liƙe shi da gam,
ya ce, "Bar shi ya sha iska, Malam, ban da garaje."
Na rungumo shi a keke kamar jariri,
kowane rami sai na ce, a hankali ɗan'uwa.

Famfon Tudun Jukun bai yi tari ba tun Laraba.
Jarka huɗu na saya, na bar su buɗe suka kwana,
na wanke tsakuwar da Rumasa'u ta tsinto min,
na zauna ina kallon akwati,
babu kowa a ciki sai ruwa.

A Sabon Gari na sayo gofi shida,
wutsiyarsu kamar bakin mayafin sallah,
da jajaye biyu masu tumbi, masu tafiyar ƙasaita.
A gadar Kubanni wani yaro ya ɗaga min gwangwani:
'yar tarwaɗa ce, ba ta kai yatsa ba,
gashin bakinta ya kusa fin ta tsawo.
Na ce, baƙi ma sun samu ɗaki,
ke 'yar gari a bar ki ba inuwa?

Wata guda lafiya lau.
Sai na ƙirga gofi, biyar.
Na goge tabarau, na sake, biyar.
Rumasa'u ta ce ɗayan ya tafi makaranta.
Ran Juma'a huɗu. Ran Talata uku.
Ita kuwa tana kwance ƙarƙashin fasasshen kasko,
ta yi sumul, ta yi shirun wanda bai san zancen ba,
ban taɓa ganin ta yi wa wani ko tsawa.

Ɗanladi, mai kiwon kifi a bayan Samaru,
ya zo ya tsuguna, bai ko taɓa shayinsa ba.
"Laifinka ne, Malam, ba nata ba.
Kafin ka haɗa kifi da kifi, auna baki.
Abin da zai shige bakin wani, tuwonsa ne,
ko a gwangwani ɗaya suka tashi.
Kuma daina duban girmansa na yau,
tambayi girman uwa.

Jajayen nan sanyin randa suke so,
gofi kuwa sun fi son ɗumi.
Ga ci kamar fara, ga ɓata wuri.
Karfasa in ta haƙa gurbi ta zama mai unguwa,
ba mai giftawa ta ƙofarta.
Minjirya kam, kar ma ka soma.
Masu yawo a garke kar ka sayo guda,
zai laɓe a lungu, ya koɗe, ya bar ci,
ba cuta za ta kashe shi ba, kewa."

Shekara talatin da ɗaya ina raba wa yara benci,
na san wanda ba a zaunar da shi kusa da wane.
Ban faɗa masa ba.
Na dai ce, sha shayinka, yana hucewa.

Da asuba na kai ta Kubanni a bokitin wanka.
Na karkata shi a hankali.
Ko waige. Laka ta ɗan tashi, ta kwanta.
Jajayen suka bi Ɗanladi a leda,
na dasa ciyawa inda kaskon yake,
na ci alwashin ba ƙarin baƙo
sai ya yi mako biyu shi kaɗai a roba,
na ga cinsa, na ga halinsa, na ga kashinsa kuwa.

Daren jiya aka ɗauke wuta, injin iska ya tsaya.
Na tashi da tocila da kofin silba,
ina ɗiba ina zubowa daga sama
don kada numfashi ya yanke musu.
Rumasa'u ta manna hanci a gilashi,
ta ce, "Kaka, haska nan, cikin ciyawa."
Wasu 'yan ɗigo ne masu ido, kamar tsabar gero.
Ta ƙirga tara, ta rikice, ta koma farko.
"Na gaya maka makaranta ya je," in ji ta,
"ga ƙannensa nan ya turo, shi ma yana zuwa."