Hayaƙin Tattasai

Da asuba na taka tsakar gida ba takalmi,
ƙasa ta ce mini: koma ka sa.
Jiya ba ta faɗi haka ba.
Na ɗauko rigar sanyin nan mai huji a gwiwar hannu,
wadda Nedyalka ta rantse tun bara
za ta shimfiɗa wa kare.
Har yau dai tawa ce.

Shamuwa sun tashi mako uku ke nan.
Sheƙarsu na nan bisa turken lantarki
kamar hular da baƙo ya manta,
gwarare sun kama haya a ƙarƙashinta
ba su nemi izinin kowa ba.
Duwatsun Rodopi sun matso kusa,
haka suke yi idan iska ta wanke fuska;
har ina iya ƙirga awakin Kostadin
guda guda, ban da gurguwar.

Buhu huɗu na tattasai muka sayo,
ja wur, kowanne ya cika tafin hannu.
Ni ke gashi, ita ke ɓarewa,
shekara arba'in da ɗaya ba mu sake rabon ba.
Fatar takan kumbura, ta yi baƙi, ta yi tsaki,
ƙamshin ya haura katanga
ya je ya gaisa da na maƙwabta,
don yau duk layinmu hayaƙi ɗaya ne.
Yatsunta sun yi baƙi har farce.
Ta ce na ƙona uku.
Biyu na ƙona.
Na ukun ci na yi, da gishiri, a tsaye,
ya ƙona mini harshe, ban yi nadama ba.

Inabin rumfa ya yi nauyi,
zanzaro sun riga mu sanin ya nuna.
Na tsinko nono ɗaya, da sauran sanyin dare a jikinsa,
na ci rabi, na bar musu rabi,
ba don kirki ba, don tsoro.
Tuffa kuwa ba ta jiran hannu:
tim! a kan kwanon rumfar kaji,
kaji su watse, su dawo,
su yi kamar ba su ba.

Da hantsi Ruja ta wuce, jikarmu ta wajen Zlatin,
sabon takalmi na cizon ta a dunduniya,
ta rungume furannin da za ta kai wa malama,
sun fi kanta girma.
Daga bakin ƙofa ta ƙwala kira: Kaka!
Matata ta amsa.
Ni kuwa na ga ganye ɗaya ya saki reshe,
rawaya, bai yi sauri ba,
sai na ce a raina: su biyu ta kira,
su biyun kuma suka amsa.

La'asar yanzu ba ta daɗewa a gidanmu,
kamar 'yar da ta yi nata gidan.
Tukunya na tafasa, tumatir da tattasai sun zama ɗaya,
muciya ta gaji, kafaɗata ma.
Kwalabe talatin da bakwai a kan dakali,
rana na ratsa su tana fita ja.
Nedyalka ta ce sun kai mu ƙarshen sanyi.
Ban ce komai ba,
na san Zlatin zai zo da mota ran Lahadi.

Na goge gindin tukunya da ɓawon burodi,
nan ne daɗin yake taruwa.
Ta miƙo hannu ba ta dube ni ba,
na raba biyu, na ba ta babban.
Gyare ɗaya ya rage a gindin katanga,
muryarsa ta dushe, bai daina ba.

Gobe akwai faskare.
Gatarin ma sai an wasa.
Amma garwashin bai mutu ba tukuna,
kuma ga kabewa can ta ƙi shiga buhu.
Matso da kujerarki, Nedyalka.